TIYATAR ƘWAƘWALWA TA ƘOFAR HANCI
(Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a taron mambobi, a nan Kontagora)

 

Kwamiti ya ɗora mana bayani a kan wata cuta da ke makantar da mutum a hankali, alhali idonsa garau yake.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka da girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Likitoci na kiranta fituwitari. Ƙarama ce, amma ita ke sarrafa girman jiki, da jinin al'ada, da ruwan nono, da haihuwa. Jijiyoyin ido biyu sun gitta juna a samanta kaɗan. To, idan ƙari ya tsiro a wurin, yawanci ba daji ba ne, amma yana girma sai ya danne jijiyoyin nan. Mutum yana ganin gabansa sarai, gefe da gefe ne suke rufewa. Direba ya daina ganin mai babur ta gefensa, tsohuwa ta riƙa karo da bakin ƙofa, mu kuwa mu ce tsufa ne, ko mu saya mata tabarau a kasuwa.

Akwai wasu alamun. Mace al'adarta ta ɗauke, nono yana zuba ba ciki ba goyo, shekaru babu haihuwa. Iyayenmu mata, kun san abin da ake faɗa wa irin wannan baiwar Allah a gida. A ce sammu ne, a ce iska ce, a ƙarshe a yi mata kishiya, alhali gwajin jini zai iya nuna dalili. Namiji kuma sha'awarsa ta mutu, ko ya girma amma takalminsa ya riƙa matse shi, zobe ya ƙi shiga, haɓa ta fito, murya ta yi kauri.

Mun sani da an ce tiyatar ƙwaƙwalwa gaban kowa zai faɗi, don abin da muke tunawa shi ne a fasa ƙoƙon kai. Wannan ƙarin ana iya isa gare shi ta hanci. Wani likita a ƙasar Ostiriya, Hermann Schloffer, ya fara bin wannan hanya a 1907. A 1997 likitoci biyu a birnin Pittsburgh na Amurka, Jho da Carrau, suka ba da rahoton mutum 50 da suka yi wa aikin da wani siririn bututu mai fitila da kyamara, wanda kaurinsa milimita 4 ne kawai, wato bai kai fensir ba. A zura shi ta ƙofar hanci, a buɗe siririn ƙashin da ke can ciki, likita yana kallon komai a allon talabijin, ya riƙa kwaso ƙarin kaɗan-kaɗan. Sau da yawa likitoci biyu ke haɗuwa, na ƙwaƙwalwa da na kunne da hanci da maƙogwaro. Ba yanka a fuska, ba aski, ba tabo a waje.

Amma fa kada a ɗauka kamar cire haƙori ne. Manyan jijiyoyin jini biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna dama da hagu da wurin. Ruwan ƙwaƙwalwa kan iya ɗiga ta hanci bayan aiki, fari tas kamar ruwan famfo, kuma ta nan sanƙarau kan shiga. Tun 2006 da likitocin Ajantina suka bayyana dabarar toshe ƙofar da fatar cikin hanci, wannan matsala ta ragu ƙwarai. Wasu kan yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari na 'yan kwanaki. Bayan an sallami mutum, banda fyace majina, banda ɗaukar kaya mai nauyi, banda tabar shaƙa. Batun shaƙa ruwa a alwala da sunkuyawa a sujada, a tambayi likita kafin a baro asibiti, sannan a tambayi malam yadda za a yi salla. Kuma ba kowa ake yi wa tiyata ba: mai zubar nonon nan galibi ƙwayar magani ce, irin su cabergoline, ke motsar da ƙarin.

Ina za a nufa daga nan? A fara da Babban Asibitin Kontagora, a nemi gwajin da ke auna ganin gefe, ba karanta haruffa a bango kaɗai ba. Daga nan a karɓi takardar tura majiyyaci don ɗaukar hoton MRI. Tiyatar ƙwaƙwalwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashenta a Ibadan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyarta, hanya kuma mun san ta, Yawuri, Koko, Jega. In an je a yi tambaya ƙarara: ta hanci za a bi, kuma sau nawa likitan ya taɓa yi?

Jijiyar ido idan ta daɗe a danne takan mutu, ko an cire ƙarin ba ta dawowa. Watannin da dangi ke ɓatawa ana neman kuɗin hoto da na mota su ne ke cinye idon. Saboda haka kwamiti na roƙon a ware wani kaso daga asusun taimako musamman don kuɗin hoto da na tafiya, a riƙa bayarwa cikin mako guda da ganin takardar likita, ba sai an jira taron wata ba. Malam shugaba, mun miƙa wannan shawara gare ka, a sa ta a ƙuri'a yau kafin a tashi.