Jawabi A Kan Ciwon Haƙori Da Tsadar Ɗakin Gaggawa A Amurka

Jama'a, jawabin yau a kan haƙori ne, da irin dukiyar da ya kan ci idan an bar shi sai ya yi tsanani. Misalin da za a kawo daga ƙasar Amurka ne, gama can an yi lissafin abin dalla-dalla.

Tun 1986 akwai doka a Amurka wadda ta hana yawancin asibitoci su kori mutum daga ɗakin taimakon gaggawa don ba shi da abin biya. Saboda haka wanda haƙori ya hana shi barci, ba shi kuwa da kuɗin ganin likitan haƙori, sai ya nufi can. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta ƙasar ta ƙidaya, ta ga a cikin 2012 an yi irin wannan zuwa fiye da sau miliyan 2, aka kashe dala miliyan 1,600, watau kimanin dala 749 ko wane zuwa. Amma galibin ɗakunan nan ba su da likitan haƙori. Maganin zafi da na kashe ƙwayoyin cuta a kan bayar, a sallami mutum da ruɓaɓɓen haƙorinsa a baki. Bayan 'yan kwanaki ciwo ya komo, shi ma ya komo, a sake biya.

Waɗanda abin ya fi tsananta wa su ne masu lalura ta musamman. Mai shanyewar hannu ba ya iya goge bakinsa sosai. Mai raunin hankali sau da yawa ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, sai a ga ya ƙi abinci ko yana bugun kuncinsa, kafin a gane kuwa mugunya ta taru. Wani maganin farfaɗiya ya kan kumbura dasashi, waɗansu magunguna kuma su kan busar da miyau, miyau kuwa shi ke tsare haƙori daga ruɓa. Mai cutar da jini ba ya tsayawa, ba a cire masa haƙori sai da shiri. Wani kuma ba ya iya zama a kujerar likita, sai an sa shi barci a ɗakin fiɗa, wannan kuwa ya kan ninka kuɗin sau da yawa.

Shirin gwamnati na jinyar marasa ƙarfi, mai suna Medicaid, wanda aka kafa a 1965, ya wajabta duba haƙoran waɗanda ba su kai shekara 21 ba. Na manya kuwa an bar wa ko wace jiha ta ga dama. A 2009 jihar Kalifoniya ta soke yawancin na manya don tsimi. Sai masu zuwa ɗakin gaggawa suka ƙaru, har aka fara mayar da shirin a 2014, aka cika shi a 2018.

A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a jihar Merilan, domin mugunyar haƙori ta kai ƙwaƙwalwarsa. Da an cire haƙorin tun da wuri, dala 80 ta isa. Jinyarsa kuwa an kimanta ta kai dala 250,000, ba ta kuma cece shi ba.

To, mai kula da irin waɗannan bayin Allah lalle ya riƙa goge musu baki safe da dare, ya rage musu alewa da abin sha mai zaƙi, ya kai su wurin likitan haƙori tun babu ciwo, ya kuma gaya wa likita dukan magungunan da su ke sha. Amma idan fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, kada a tsaya lissafin kuɗi, a garzaya asibiti nan da nan.

Allah ya ƙara lafiya, amin.