Jawabi a kan Tsaron Baƙo Idan Fitina ta Tashi

Ya ku jama'ar Fagge, dattawa da samari, maganata yau a kan baƙo ce, yadda zai tsare ransa idan fitina ta tashi a ƙasar da ba tasa ba. Mu ne muka fi cancantar jin ta, domin Fagge asalinta zango ce, nan ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa an yanka ta ne domin baƙin Kudu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Mu ma 'ya'yanmu baƙi ne a Ikko da Kumasi da sauran garuruwa.

Na farko, ku sani fitina tana aiko da manzo kafin ta iso. A watan Maris na 1953 wakilan Arewa da na Kudu suka saɓa a majalisar Ikko a kan lokacin mulkin kai, aka yi wa na Arewa ihu a titi. Ran 16 ga Mayu, da zuwan tawagar Akintola Kano, faɗa ya ɓarke tsakanin nan da Sabon Gari har kwana 4. Hukuma ta ƙidaya gawa 36 da masu rauni 241, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya yi jayayya a majalisa. Saboda haka baƙo ya kame harshensa daga rigimar 'yan gari, ya buɗe kunnensa. In ya ga ana rufe rumfuna da hantsi, ya koma gida, kada ya tafi kallo. Ya riƙa sauraren labarin garinsu kuma, domin a Yulin 1999 da aka kashe Hausawa a Shagamu, a Kano aka yi ramuwa, a kan mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba.

Na biyu, takarda. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin Gana marasa takardar izinin zama mako 2 su fita. Mutanen zango da suka tsufa a can suka sayar da kaya da arha, suka bar gidaje. Wanda ke zaune a ƙasar wani, ya gyara takardarsa tun ana lafiya, ya ajiye ta da guzurin hanya inda hannunsa zai kai cikin duhu, kada ya tara dukiyarsa duka a wuri guda.

Na uku, fita da wuri. Yaƙin Sudan ya tashi ran 15 ga Afrilu 2023, ɗalibanmu na Hartum suka fita a motoci, suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa. Ina yi muku wasiyya, idan hanya tana buɗe, a fara fitar da mata da yara. Kaya ana mayarwa, rai ba a mayar da shi.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, maƙwabci. Iyayenmu fatake ba sa sauka gari sai da mai masauki, shi ke tsaya musu gaban sarki da kasuwa. A kashe-kashen 1966 an sami baƙin da suka tsira domin maƙwabta sun ɓoye su a ɗaka. Wannan katanga ba a gina ta ranar tsoro. Ana gina ta ne da gaisuwa, da biyan bashi, da zuwa ta'aziyya, shekara da shekaru.

To, ya 'yan'uwa, abin da muke so a yi wa namu a can, shi ne ke wuyanmu a nan. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya zauna cikinmu bisa amana, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Ku tuna Sahabbai ma sun yi baƙunci a Habasha, Najjashi ya ƙi ba da su. In aka kawo muku labarin kisa a wani gari, ku tsare samarinku a gida, ku tsare baƙon da ke ƙofarku.

Allah ya kiyashe mu da fitina, ya mai da kowane matafiyi gida lafiya. Wassalamu.