Jawabin Zaman Wata: Yaya Za Mu Gane An Samu Sauƙi?

  Kafin a buɗe akwati, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Kowa a nan ta ga yadda damina ta canza hali. Ruwa ya makara, ko ya sauka a yi shuka sannan ya ɗauke, ko ya zo da yawa ya kwantar da katanga. Shi ya sa ake ta kawo mana dabaru: iri mai saurin nuna, dashen itatuwa, buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, noman rani a Watari. Akwai ma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. To, abin tambaya: ta yaya mu, a nan Bagwai, za mu san abin ya yi mana amfani?

A ce an raba dashe ɗari, wannan lissafin mai rabawa ne. Namu lissafin sai bayan bazara: guda nawa suka rayu?

Babban ma'auninmu shi ne rumbu. Kowace mace za ta ɗauki tsakuwa 12, ɗaya wata ɗaya, ta ware watannin da gidanta ya ci hatsin gonarsa ba a je awo ba. Sakatariya ta rubuta. Sannan a duba littafin rance: a watannin marka, mata nawa suka karɓa don jari, nawa suka karɓa don tukunya? Wa ta sayar da akuya ba da son ranta ba?

A rubuta bana, don baɗi a samu abin kwatantawa. Amma fa a rubuta har da yadda daminar ta kasance. In ruwa ya yi kyau, kowa zai cika rumbu, ko da sabon iri ko babu. Shekarar fari ce ke tona asirin dabara.

Kuma don Allah, iyayena, a faɗi gaskiya. Na san wata kan ƙara don baƙi su ji daɗi, wata kan rage ko a sa sunanta a tallafi. Duka biyun mu suke cuta, don da wannan littafin za mu yanke shawarar abin da za mu sa kuɗinmu ranar rabo.

Masu makulli, bismillah, ku matso.