Rabin Awa a Sama, Wuni Guda a Ƙasa

 Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani ƙanena a Gwaram ne ya tambaye ni: "Yaya, wai daga filin jirgin Dutse zuwa na Bauchi minti nawa ne?" To, bari mu yi lissafin tare.

Filin Dutse an buɗe shi a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido. Na Bauchi, mai sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Durum, wajen gari. Tsakaninsu a miƙe kimanin kilomita 150 ne. Jirgi mai gudun kilomita 500 a awa zai cinye wannan a ƙasa da minti 20. Ka haɗa da tashi da sauka, ka ce rabin awa. Kuma idan ka ja layi a taswira, kusan ta saman Birnin Kudu zai bi. Amma fa babu jirgin haya da ke zirga-zirga tsakaninsu, don babu kamfanin da zai ƙona mai a tafiyar da mota ke yi a wajen awa 3 ta Ningi.

Mu ɗauka ma akwai jirgin. Kai da ke Gwaram sai ka fara komawa baya, ka bi ta Birnin Kudu ka nufi Dutse, kusan awa ɗaya da rabi kenan. Ka isa awa guda kafin tashi saboda bincike. Rabin awa a sama. Wani rabin daga Durum zuwa cikin Bauchi. Awa 3 da rabi! Wanda ya shiga mota a tasha, wataƙila har ya ci masa ya sha shayi kafin ka sauka.

Ka gane? Tafiya daga ƙofar gida ake ƙirga ta, ba daga ƙofar jirgi ba.

Abin da ya sa nake jan maganar nan, daminar bara matar yayana ta fara naƙuda da dare a ƙauyenmu. Rafi ya cika, mota ba ta shiga. A babur aka goyo ta, aka tsallake ruwan da ƙafa, sannan aka tsaya jiran mota a bakin kwalta. Sai bayan asuba suka isa asibiti a Birnin Kudu. Allah ya yi da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, wallahi.

Ba ina kushe filin jirgi ba ne. Alhazanmu suna tashi daga Dutse, kuma alheri ne. Amma idan masu neman ƙuri'a suka zo, mu tambaye su: daga ƙauyena zuwa asibiti minti nawa ne da damina? Ina kwalbatin? Ina gadar?

Ga aikin gida. Kowa ya duba agogo, ya auna lokacin da yake ɗauka daga gidansu zuwa asibiti mafi kusa, ya rubuto mana da sunan ƙauyensu. Za mu tattara mu kai wa kansiloli da 'yan majalisarmu a rubuce.

Sai mun ji daga gare ku. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.