Hisabin Nauyin Mol da Lambar da ke Jikin Buhun Taki

Malamai da ɗalibai da dattawan ƙasar Daura, maƙasudin wannan lacca shi ne in bayyana asalin lambar 46 da ake bugawa a jikin buhun yuriya, wadda manoman Sandamu da Zango da Ɓaure ke gani kowace damina, alhali kaɗan ne suka san cewa hisabi ne ya haife ta, ba son ran kamfani ba.

Da yake ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ido ba ya riskarsu, balle hannu ya ƙirga, sai masana kimiyya suka yi ittifaƙi a kan wani adadi mai suna mol, wato kimanin shida da sifiri 23 a bayanta, wanda aka laƙaba wa sunan Avogadro mutumin Italiya, domin a riƙa ƙirga su da mizani. Mol guda na haidirojin giram 1 ne, na kabon 12, na naitirojin 14, na oksijin 16. Saboda haka ruwan rijiyar Kusugu, mai haidirojin biyu da oksijin guda, nauyin mol ɗinsa giram 18 ne, kamar ruwan ko'ina.

To, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci ilmin gado ya riga ya san hanyar, domin kamar yadda ake fitar da asalin mas'ala kafin a ba kowane magaji rabonsa, haka ake tara nauyin mol kafin a san kason kowane sinadari. Yuriya, wadda Wöhler Bajamushe ya fara haɗawa a ɗakin gwaji a 1828, ana rubuta ta CO(NH₂)₂: kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. Rabon naitirojin, wanda shi ne ke sa ganyen gero ya yi shar, 28 ne cikin 60, wato kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, ɗoriyar kuwa ɗan danshi da gauraye ke cinye ta. Ashe buhu mai kilo 50 kilo 23 na naitirojin ke cikinsa.

A gwada shi da takin amoniyam salfet, mai nauyin mol 132, wanda naitirojinsa 28 ɗin dai ne, kashi 21 ke nan, kilo 10 da rabi a buhu. Wanda aka yi wa tayinsa a kasuwar Mai'aduwa da ragin sulusin kuɗin yuriya, ya ɗauka ya yi arha, in naitirojin yake nema tsada ya saya, ko da yake ba a raina salfar da ke ciki a jigawa irin tamu.

Kamfa kuwa, wato taki mai lamba 15 sau uku, tana da wata daƙiƙa da ɗalibai ke yawan tuntuɓe a kanta, don lambar tsakiya ba ta fosforas zalla ba ce, ta P₂O₅ ce, mai nauyin 142, wadda 62 kawai ke fosforas. Sha biyar ɗin nan shida da rabi ne a haƙiƙa. Ina roƙon ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura su lissafa mana lamba ta uku da kansu, da sanin cewa K₂O ce, kuma fotashiyam 39 ne.