Kujerar Ofis Tamkar Ƙotar Fartanya Ce

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara na ƙungiya a Dambatta)

 

Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, daga Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi. Kowa ya san idan manomi ya je wurin maƙeri, ba ya karɓar fartanya sai ya gwada ƙotar a hannunsa. Amma da muka koma aikin ofis, duk teburin da aka nuna mana sai mu zauna, ba tambaya. A kan wannan nake so in yi magana, domin ni ganau ne ba jiyau ba.

Na fara aikin akawu a 1994, ina bugun tafireta. Teburin ya yi mini tsawo, kujerar kuwa ba ta da majingina. Da kwamfuta ta zo, sai aka ɗora ta a kan teburin nan, tana fuskantar taga. Sannu a hankali wuya ya riƙe, baya ya ɗauki ciwo, yatsu suka fara mutuwa. Daminar 2011 ban iya duƙawa a gonata ba, gero da dawa duk 'yan ƙwadago suka nome mini, kuɗin da na tanada don makarantar yara ya tafi. Da na je asibiti a Kano, likita ya ce in nuna masa yadda nake zama. Yana gani ya ce, "Malam, cutarka tana ofis."

Ashe abin ya daɗe. Wani likitan Italiya mai suna Ramazzini ya rubuta littafi kan cututtukan ma'aikata a 1700, kuma a bugun 1713 ya ambaci wahalar magatakarda saboda yawan zama da yawan rubutu.

Ga abin da aka koya mini. Na farko, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu. In kujera ta yi tsawo, a sa katako a ƙarƙashin ƙafa. Na biyu, baya ya jingina, a sa ɗan matashi a wajen ƙugu. Na uku, gwiwar hannu ta yi daidai da saman tebur, kada kafaɗa ta ɗage. Na huɗu, saman allon kwamfuta ya zo daidai da ido, nisansa kamar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa 70. In ya yi ƙasa, tsofaffin littattafai sun isa a ɗaga shi. Na biyar, taga ta kasance a gefe, ba gaba ko baya ba, saboda ƙyallin rana. Na shida, bayan kowane minti 20 a dubi nesa na daƙiƙa 20, kuma kada awa ta wuce mutum bai miƙe ya taka ba. Fayil da biro da hatimi su zauna inda hannu zai kai.

Ban sayi kujerar waje ba. Kafinta na samo a kasuwar Dambatta, ya rage ƙafafun tebur, ya yi wa kujera majingina. Cikin 'yan watanni na samu sauƙi, aikin da ke kai ni la'asar ya koma ƙarewa da azahar. Damina ta zagayo na koma gona.

Iyayenmu malamai, kun sha ce mana "ku zauna daidai" muna ɗauka faɗa ne. Yau mun gane. Ina roƙon ƙungiya, in za mu sake ba makarantarmu gudummawar bencina, a auna su da tsawon yara, kada ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida su zauna a iri ɗaya. Rigakafi ya fi magani.