Shaidar Sojojin Amurka Game Da Harin 11 Ga Satumba Da Abin Da Ya Biyo Baya

 

Maudu'in da za mu yi magana a kansa a wannan zama shi ne harin da aka kai wa ƙasar Amurka ranar Talata, 11 ga Satumba, 2001. Mun sha jin labarin nan daga bakin shugabanni da gidajen rediyo. Mu kuwa yau muna so mu ɗauko shi daga bakin sojoji, wato waɗanda wutar ta ƙona a ranar, da kuma waɗanda aka tura su ɗaukar fansa daga baya. Shugaba yakan yi jawabi ya sauka daga kan mulki, soja kuwa da jikinsa yake biyan kuɗin jawabin, don haka shaidarsa ta cancanci a tsaya a saurara.

Mutum 19 ne 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka ƙwace jiragen fasinja 4 a wannan safiya, suka kashe mutum 2,977. Biyu daga cikin jiragen sun afka wa dogayen benaye biyu na birnin New York. Na uku, da ƙarfe 9:37, ya daki gefen yamma na Pentagon, helkwatar ma'aikatar tsaron Amurka da ke gefen birnin Washinton, ya huda zobe uku daga cikin zobba biyar na ginin. Mutum 125 suka mutu a cikin ofisoshi, 55 daga cikinsu sojoji, har da Laftanar-Janar Timothy Maude, sannan ga mutum 59 da ke cikin jirgin ban da maharan. Ƙaramar cikinsu yarinya ce 'yar shekara 3. Wannan ta'asa ce, kuma manyan malamai, irin su Muftin Sa'udiyya Shehu Abdul'aziz Alus-Shaikh da Shaihul Azhar Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, sun fito fili tun a kwanakin farko sun bayyana haramcinta. Ba mu da wata magana bayan tasu.

Akwai wani Laftanar-Kanar mai suna Brian Birdwell. Yana ofis tare da abokan aikinsa mata biyu suna kallon abin da ke faruwa a New York ta talabijin, sai ya tashi ya fita zuwa makewayi. Yana kan hanyar dawowa jirgin ya shigo, tazarar da ke tsakaninsa da wurin ba ta wuce 'yan taku ba. Ya ƙone kashi 60 cikin 100 na jikinsa, an yi masa tiyata sau 39, ya rayu har ya zama ɗan majalisar dattijai ta Jihar Texas a 2010. Matan nan biyu da ya bari zaune ba su fita ba. Ya sha ba da labarin yadda ya kwanta cikin duhu da hayaƙi, ya sallama, yana addu'a irin ta addininsa yana jiran mutuwa. Ku dubi abin da ya raba shi da su, jama'a: tashi zuwa makewayi.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na wata matuƙiyar jirgin yaƙi, Laftana Heather Penney, wadda a lokacin sabuwa ce a rundunarta da ke sansanin Andrews kusa da Washinton. Labari ya iso musu cewa akwai jirgi na huɗu da ya nufo birnin. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa makamai a duniya, a wannan sa'a ba ta da jirgi ko ɗaya a sansanin nan da aka ɗora wa makami mai linzami, kuma ɗorawar na bukatar lokacin da ba su da shi. Sai ita da shugabanta, Marc Sasseville, suka tashi da jiragen F-16 guda biyu haka nan. Yarjejeniyar da suka yi suna sa kayan tashi ita ce, idan sun tarar da jirgin, shi zai daki kansa da nasa jirgin, ita kuma ta daki wutsiyarsa. Wato sun tashi ne ba da niyyar dawowa ba. Bugu da ƙari, mahaifinta matuƙi ne a kamfanin United, kamfanin da ke da wannan jirgi, kuma irin jirgin yake tuƙawa, ba ta kuma da hanyar sanin ko shi ne a ciki.

Ba su tarar da shi ba. Tun kafin su tashi, fasinjojin sun riga sun yi wa maharan taron dangi, jirgin ya faɗi a wani fili a Jihar Pennsylvania da ƙarfe 10:03, da fasinjoji da ma'aikata 40. Penney ta yi kusan shekara goma ba ta ba da wannan labari a bainar jama'a ba, kuma da ta fara bayarwa, abin da take nanatawa shi ne jarumtar ta fasinjojin ce, domin su ne suka aikata abin da ita niyyarsa kawai ta yi. Alal haƙiƙa wannan adalci ne a magana, kuma da wuya a same shi wurin wanda ake ta tafa wa.

To, ranar ta wuce, sai fushi ya biyo. Ranar 14 ga Satumba majalisar dokokin Amurka ta ba Shugaba George Bush izinin amfani da ƙarfin soja a kan duk mai hannu a harin. A majalisar wakilai mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi amincewa, tana gargaɗin cewa izinin ba shi da iyaka. Ranar 7 ga Oktoba aka fara ruwan bama-bamai a Afganistan. A watan Maris na 2003 aka shiga Iraƙi, alhali kuwa babu ɗan Iraƙi ko ɗaya cikin maharan 19, makaman ƙare dangi da aka ce Saddam Husaini ya ɓoye ba a same su ba, kuma kwamitin binciken harin da Amurka ta kafa da kanta ya ce a 2004 bai ga shaidar haɗin gwiwar aiki tsakanin Bagadaza da Alƙa'ida ba.

Matasa da yawa sun shiga soja saboda abin da suka gani a talabijin ran nan. Mafi shaharar cikinsu Pat Tillman ne, ɗan wasan ƙwallon Amurka, wanda ya bar kwangilar dala miliyan 3.6 ya shiga soja tare da ƙaninsa Kevin a 2002. An kashe shi a Afganistan ranar 22 ga Afrilu, 2004. Rundunar ta ce abokan gaba ne suka harbe shi yana gwabzawa, ta ba shi lambar yabo, aka yi taron makoki aka nuna wa ƙasa. Sai bayan kimanin mako biyar aka gaya wa iyayensa cewa 'yan'uwansa sojoji ne suka harbe shi bisa kuskure. Sojan da ke gefensa lokacin da ya faɗi, Bryan O'Neal, ya tsaya gaban majalisa a 2007 ya shaida cewa umarni aka ba shi kada ya gaya wa Kevin gaskiya. Ku yi tunanin wannan nauyi: mutum ya ga yadda abokinsa ya mutu, ga ƙanin mamacin a runduna ɗaya da shi, an kuma ɗaure masa baki. Kuskure a fagen fama yana faruwa a kowace runduna, amma ƙaryar da aka ɗora a kansa a ofis aka zauna aka shirya ta.

Haka kuma akwai Joseph Darby, ƙaramin soja a kurkukun Abu Guraib da ke kusa da Bagadaza. Wani faifai ya shigo hannunsa ɗauke da hotunan azaba da tozarcin da abokan aikinsa suke yi wa fursunonin Iraƙi, abin da harshe ke jin nauyin siffantawa a majalisi irin wannan. A watan Janairu na 2004 ya miƙa faifan ga masu bincike, da fatan za a sakaya sunansa. Yana zaune a ɗakin cin abinci cikin ɗaruruwan sojoji sai ya ji Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunansa a talabijin. Ya ce akwai lokacin da da bindiga yake kwana don tsoron 'yan rundunarsa. Da ya koma Amurka garinsu ya gagare shi zama, domin da yawa daga maƙwabtansa maci amana suka ɗauke shi. Duk wanda ya ga hotunan Abu Guraib ya san abin da aka yi a wurin, to ta hannun wannan yaro ya sani, kuma shi ma sojan Amurka ne. Mai son gaskiya dole ya riƙe duka biyun.

Musulmin da ke cikin rundunar sun ɗanɗana tasu. Kyaftin James Yee, limamin soja a sansanin Gwantanamo, an kama shi a watan Satumba na 2003 bisa zargin leƙen asiri, aka kulle shi shi kaɗai kwana 76, sannan a 2004 aka janye tuhumar. Kareem Khan kuwa yana ɗan shekara 14 aka kai harin. Da ya girma ya shiga soja, bom ya kashe shi a Ba'aƙuba ta Iraƙi a watan Agusta na 2007 yana da shekara 20. Hoton mahaifiyarsa ta jingina kai da dutsen kabarinsa mai alamar jinjirin wata da tauraro shi ne Colin Powell ya kafa hujja da shi a 2008 yana tsawatar wa masu ƙyamar Musulmi. Shi dai wannan Powell shi ne ya gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya hujjojin shiga Iraƙi a watan Fabrairu na 2003, waɗanda daga baya suka rushe.

Wutar ta iso har maƙwabtanmu. Ranar 4 ga Oktoba, 2017, aka yi wa wata tawagar haɗin gwiwa kwanton ɓauna a ƙauyen Tongo Tongo na Jamhuriyar Nijar, aka kashe sojojin Amurka 4 tare da sojojin Nijar, har wasu 'yan majalisar dattijan Amurka suka fito suka ce ba su san yawan sojojinsu da ke ƙasar ba. A 2024 sojojin suka tattara suka bar Yamai da Agadas.

Idan aka zo lissafi, Amurka ta rasa sojoji sama da 2,400 a Afganistan da sama da 4,400 a Iraƙi. Mutanen waɗannan ƙasashe kuwa da dubban ɗaruruwa ake ƙirga matattunsu, kuma ba a sassaƙa sunayensu a kan dutse ba. Akwai wani adadi da ba a cika ambata ba. Masu bincike na Jami'ar Brown sun ƙiyasta a 2021 cewa sojoji da tsofaffin sojojin waɗannan yaƙe-yaƙe da suka kashe kansu sun kai 30,177, wato sun ninka waɗanda suka mutu a fagen fama sau huɗu. Mutum ya tsira daga bom, ya koma gida, barci ya ƙaurace masa, abin da ya gani da abin da hannunsa ya aikata suna bin sa ɗaki-ɗaki. Allah Ya kiyashe mu.

An kashe Usama bin Ladan a Abbottabad ta Pakistan a watan Mayu na 2011, amma yaƙin ya ƙara shekara goma. Ranar 15 ga Agusta, 2021, 'yan Taliban suka sake shiga Kabul. Ranar 26 ga watan wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bom a ƙofar filin jirgin sama, ya kashe 'yan Afganistan kimanin 170 da sojojin Amurka 13. Biyar daga cikin sojojin nan shekararsu 20, wato suna goye aka kai harin da ya kawo su wurin. Bayan kwana uku, jirgi maras matuƙi ya harba makami a kan wata mota a cikin wani gida a Kabul, da zaton wani maharin ne. Mai motar, Zemari Ahmadi, ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne, jarkokin ruwa ya ɗauko wa iyalinsa. Mutum 10 suka mutu, 7 daga cikinsu yara. Janar Kenneth McKenzie ya fito ranar 17 ga Satumba ya amsa cewa kuskure ne, a watan Disamba kuma ma'aikatar tsaro ta sanar cewa babu wanda za a hukunta.

A nan za mu dakata saboda lokacin salla ya gabato. Mai tambaya ya rubuto a takarda ya miƙa wa 'yan agaji, za mu amsa bayan an idar in Allah Ya so.